Yadda Za Ka Ƙirga Sojan Nasara Har Sunan Kakanka Ya Hau Bangon Lakwal

An gina sabuwar lakwal, wato makaranta, a ƙauyenku, can bayan Maijirgi, kwamiti kuma na neman sunan da za a rubuta a bango. Kai so kake a sa na kakan babanka, Mai Nasara, wanda ka ce shi ya tare rundunar Turawa lokacin da ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa. An turo Madam Asiya mai koyar da tarihi, da kayen rubutunta da bik, alƙalaminta, tambayarta ɗaya: sojan nan nawa ne ranar da suka fi yawa? Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba, amma shekara ashirin ina ba da amsa a fada. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunan gidanku zai hau bango.

1. Kada ka buɗe littafi

Littafi rage soja yake yi. Ka shiga da dubu goma, ka fito da ƴan ɗaruruwa, kakanka ya koma mutum kamar kowa. Wanda ya yi karatu da yawa ba ya iya ba da labari, kullum "wataƙila" ce a bakinsa.

2. Ƙirga duk abin da ke numfashi

Mai bindiga soja ne. Ɗan dakon da aka ɗaure wa igiya a wuya soja ne. Matan da aka kwaso suna daka musu gero, su ma zuba su ciki. Jaki soja biyu ne, tunda ƙafarsa huɗu. In Madam ta ɗaga gira, ka ce haka manyan masana ke yi, ba za ta tambaye ka sunansu ba.

3. Sa wa lambar wutsiya

Dubu goma sha biyu cif warin ƙarya take yi. Ka ce dubu goma sha biyu da ɗari uku da arba'in da bakwai. Wannan bakwai ɗin ita ce shaidarka. Faɗe ta a hankali kana kallon ƙasa, kamar kana jin tausayinsu.

4. Kada a fi ka

Lamine mai gyaran moto shi ma yana da kaka, kuma zai ce dubu goma sha biyar. Kada ka yi musu. Murmushi za ka yi, ka ce, "Wanga ai na gaba ne kaɗai kaƙ ƙirga, na baya ba su taso daga Tasawa ba." Ƙara dubu biyar, ka kurɓi shayinka.

5. Nisanta tsohuwa da Madam

Nan ne ƙwararru ke faɗuwa. Kowane ƙauye na da tsohuwa ɗaya da ta ƙi mutuwa ta kuma ƙi mantuwa. Taku Inna Furera ce, wadda kakarta ta ga abin da idonta. Ɗora ta a amalanke ka aika ta suna Korgom, ko da ba a yi haihuwa ba. Wani almajirina a wannan ilimi, Harisu, ya yi sakaci da wannan mataki. Yana tsakiyar dubu ashirin sai ga tasu tsohuwar ta ja tabarma ta zauna. Har yau ba ya bin ƙofar lakwal ɗin garinsu.

In Inna Furera ta ƙi tafiya, ga abin da zai faru. Madam za ta durƙusa ta ce, "Inna, su nawa ne?"

"Ni ban iya ƙirga ba, ɗiyata," in ji ta. "Kakata ta ce da ƙishirwa sunka zo, sun kusa juyawa. Mutanenmu sun rufe rijiya da ƙaya da ƙasa, sun ɓoye mata da yara cikin kwari. Mutum guda yan nuna musu rijiyar, yan nuna musu kwarin. Sunka ba shi riga."

"Wane ne, Inna?"

Za ta dube ka, ba da fushi ba, wanda ya fi zafi. Sannan ta faɗi sunan yadda aka raɗa shi tun farko, ta ja tsakiyarsa: "Mai Nasaara. Mutumin Nasaara, Turawan nan. Ku ne kunka gajarta shi."

Bik ɗin Madam zai tsaya. Lamine zai ajiye kofinsa.

6. Babu mataki na shida

Kana iya cewa tsufa ne. Kana iya ƙara dubu goma. Ba wanda zai rubuta.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko a sa wa lakwal sunan wani, ko yara su fara jan sunan gidanku a bakin rijiya. Soja na ce zan koya maka ƙirgawa, kuma na koya maka har dubu ashirin. Wanda ya kai su kwarin nan mutum ɗaya ne, ba ka bukatar malami kafin ka ƙirga shi.