Ranar da Aka Loda Baffanku a Mota

Wa ya aike ku tambayar abin da ya sa baffanku ba ya bi ta ƙofar kamfanin dakon kaya? Yaran yanzu, baki kamar ƙofar kasuwa. To ku matso, sau ɗaya zan faɗa.

Baffanku Na-Sani ni na haife shi, amma cika bakin nan ban san inda ya kwaso shi ba. Shi da goggonku, autata, aikin kwamfuta suke yi a kamfanin. Manaja ya ce duk wanda ya koya wa na'ura tsara lodi, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, shi ne shugaban ofis. Sai ga baffanku tsakar gida yana buga ƙirji.

"Inna, abin da na rubuta komai yana karɓa. Buhu, kwali, firji, ko giwa aka kawo."

Ni ban yi boko ba, goggonku ce ta warware min ina tankaɗe. Wai a yarensu na kwamfuta ana barin gurbi, a sa harafi ɗaya ya tsaya a madadin kowane irin abu, don aiki ɗaya ya yi wa kaya iri-iri. Amma sai an gindaya wa harafin sharaɗi: abin da ke da nauyi a rubuce kaɗai zai shiga. Wanda ba shi da shi, na'ura ta ƙi shi tun kafin a fara. Na ce yo ai rariya ke nan. Rariyar da tsakuwa ke wucewa kuwa sunanta rami.

Goggonku ta sa masa sharaɗin. Na'ura ta dinga watso masa jan rubutu, ya ce ƙarfe ba zai yi masa gardama ba, ya goge sharaɗin. Goggonku ta tambaye shi, to abin da ba shi da nauyi a rubuce fa?

"Sifili, a ɗora shi can sama. Ke dai hassada ke cin ki."

Ranar gwaji har da ni ya ɗauko, in ga ɗaukaka. Ya tara 'yan dako ya ce abin da takardar da na'ura ta fitar ta faɗa shi za a yi, wanda ya tambayi dalili a bakin aikinsa. Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Ashe da babu sharaɗi, na'ura ta haɗiye duk jerin da ke kamfanin: na kaya, na kayan ofis, har na ma'aikata. Buhuna suka shiga, kwalayen ƙwai suka hau, baffanku yana kallona yana gyara wuyan riga. Sai takarda ta ce janaretan kamfani, tunda ba shi da nauyi a rubuce. Mutum shida suka ɗaga shi suka dire a kan ƙwai. Ƙarar har yau tana kunnena. Sai ta ce kujerar manaja, aka roƙe shi ya tashi. Baffanku yana zufa yana cewa na'ura ta san abin da take yi.

Dattijon ya sake duba takarda, ya dubi baffanku. Uban son girma, shi da kansa ya sa sunansa a saman jerin ma'aikata. Kafin ya buɗe baki sun yi sama da shi, ƙafafu suna wutsil-wutsil, suka dasa shi cikin ƙwai suka ja igiya.

"Ku sauke ni!"

"Takarda ba ta ce a sauke ba, ranka ya daɗe."

Ya leƙo, gwaiduwa har gira. "Inna, ki yi musu magana mana."

Na ce ni ban iya karatu ba, ya tambayi takarda.

Goggonku ta mayar da sharaɗin da baffanku ya goge, manaja ya ba ta ofis, yana tsaye don kujerarsa tana sama.

Dariyar me kuke yi? Baffanku ne. Ku tashi ku kwanta, kuma kada in ji wani ya ambaci ƙwai a gabansa.