Ranar da Na Kori Surukina da Ingilishin Legas

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ɗana Sani ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen kasuwar dabbobi ta Dakoro ba za su bar ni ba.

Bari in fara da ilimina, don kada a raina ni. Na yi lakwal, makarantar boko, har inda mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Faransancin da na fito da shi bai wuce na gaisuwa da na ba jandarma haƙuri ba. Ingilishi kuwa a Legas na karanta shi, zamanin da muke kai shanu. Duk abin da na samo shi ne "kip awe", wato ja da baya, yi nesa. Mai gadi ya faɗa mini, direban tankar mai ya faɗa mini, mai shinkafa ma ta faɗa in na leƙa tukunyarta. (Ban ga ɗalibin da gari guda ya taru ya koya wa darasi ɗaya kamar ni ba.) Na dawo da ita gida, na adana kamar rigar Salla.

Sai Allah ya kawo Lamin. Ɗan Gambiya ne, likitan dabbobi, ya zo aikin rigakafi wajen makiyaya, ya ga ƴata Rakiya, aka bincika, aka ba shi. Yaro mai salla, mai hankali, Hausarsa tana rarrafe. Aibinsa guda: bai san surukuta ba. Ni da na auri uwar Rakiya, in na hango mahaifinta sai in sake lungu, har ya rasu bai taɓa ganin bakina yana tauna ba. Shi kuwa Lamin da ya shigo sai kan tabarmata, kafaɗa da kafaɗa, hannunsa cikin akushina. In an kira salla ya cafko hannuna, wai "Baba, mu je," mu miƙe tare kamar samarin da za su zance.

Ilu, abokina mai raƙuma daga Azagor, shi ya mai da abin waƙa. Duk ranar kasuwa sai ya tambaye ni yaushe zan fara goya surukin nawa. Na yi wa Rakiya magana, ta ce maraya ne, tun yana ƙarami ubansa ya rasu. Na ce maraicinsa daban, tabarmata daban. Na kai ƙara wajen uwarta, ta yi dariya kawai ta ci gaba da tankaɗe. Sai na ƙudura a raina: tunda Hausa ba ta shiga kunnensa, zan ba shi da harshen da ya yi karatu da shi, a gaban jama'a, girmana ya dawo. Na shiga bita a garke. Tumakina sun sha Ingilishi a makon nan, kuma sun gane, don duk sun watse.

Ranar ta zo. An kafa bash, rumfar tamfol, a ƙofar gida, an baza tabarmi, ga dattawan unguwa, ga baƙi daga Korahane da Sabon Maci, ana shan fura kafin a tafi gidan amarya fatiha. Ni uban ango na ci babbar riga, na naɗa rawani. Sai ga Lamin ya ratso mutane, ya zauna daram a gefena. Ilu ya yi gyaran murya.

Na ɗaga yatsa. "Lamin. Kip awe."

Da muryar mai gadin Legas na faɗa, don da ita aka koya mini. Yaron ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"To, Baba. Yi haƙuri."

Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya koma can gindin bishiyar bedi ya tsaya. Ilu ya jinjina kai ya ce ashe Ɗan Legas bai yi tafiyar banza ba. Kaina ya kumbura har rawani ya matse ni.

Can liman ya ce a tashi, dangin amarya na jira. Kowa ya miƙe. Ni ma na dafa ƙasa na yunƙura, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Na sake yunƙurawa, na koma daɓas. Nan fa wani tunani ya faɗo mini kamar guga a rijiya: rabon da in tashi daga tabarma a cikin mutane ni kaɗai, tun kafin auren Rakiya. A ɗaki bango nake dafawa. A waje kuwa, wannan "Baba, mu je" ɗin, ashe ɗaga ni yaron yake yi, da dabarar da ba wanda ya lura, har ni mai gwiwoyin.

Ilu ya miƙo hannu yana danne dariya. Na ce ya wuce, lazimi nake ƙarasawa. (Mutumin da shi ma sanda ke riƙe da shi.) Na rantse a zuci ba mai ɗaga ni yau. Na ja jiki zuwa ƙarfen da ke riƙe da bash, na kama da hannu biyu, na yi bismilla, na ja da ƙarfin da ya saura mini.

Ni ban tashi ba. Ƙarfen ne ya zo wurina.

Bash ya rufto mana gaba ɗaya, liman da baƙin Korahane da ƙwaryar fura. Aka yi ta salati ana rarrafowa waje. Da aka yaye, ga uban ango a kwance rigingine, rawani ya warware, fura har cikin aljihu.

Na waiga. Lamin na gindin bedi inda na aje shi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, yana so ya rugo, umarnina ya ɗaure shi. Na lalubi Ingilishina kaf, ina neman yadda ake cewa matso kusa. Babu. Duk zaman da na yi a Legas ba wanda ya taɓa ce mini in matso.

Sai na koma harshen uwata. "Ɗana, taho ka ɗaga ubanka."

Kafin in rufe baki ya iso. Ya sa hannu inda ya saba sawa, ya raɗa mini, "Baba, mu je."

Da yamma Rakiya ta sanar da ni cewa "kip awe" ɗin nan a jikin akwatin lantarki ake rubuta ta, ko a daka wa baƙon da ba a yarda da shi ba, kuma mijinta ya wuni yana tambayarta laifin da ya yi. Na aika a kira shi, na zaunar da shi kan tabarmata, na tura masa akushi da hannuna.

Yanzu in na shiga kasuwa, tun daga wajen awaki ake yi mini "kip awe", Ilu ne limaminsu. Ni dai ina tafe, Lamin na gefena. Abin da na koya dai shi ne, duk tsohon da zai kori wanda ke zaune kusa da shi, ya fara miƙewa tsaye tukuna, sannan ya yi Ingilishi.