Hotunan da Suka Ƙi Tsayawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar walimar ƙanwata Hauwa a gidanmu na Angwan Iya. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa.

Baba ya rasu wata huɗu kafin bikin. Yana kwance a asibiti ya sa na ɗauki muryarsa, nasiha ce ta minti uku ga Hauwa, ya ce a sa mata ranar da za ta bar gida. Ni kuwa a lokacin na fara koyon haɗa shafin intanet, kaina ya kumbura (har katin sana'a na buga, alhali ko kwastoma ɗaya ba ni da shi). Na ce ai muryar Baba ta wuce a kara waya a bakin lasifika.

Sai na haɗa shafi: hotunan Baba za su riƙa shigowa a hankali, da zarar motsin ya ƙare, umarnin da na rubuta zai kunna muryar. Na gwada sau goma, lafiya lau. Da safen ranar sai iyayi ya motsa, na canza saitin hotunan su yi ta zagayawa babu iyaka, wai don su ƙayatar kafin mata su gama zama. Ban sake gwadawa ba. Umarnin nan kuwa ƙarshen motsi yake jira, ni kuma da hannuna na cire ƙarshen.

Bayan la'asar na haska shafin a bango. Matan tsakar gida suka zuba ido. Hauwa ta riƙe hannun Mama. Hoton Baba da hula ya wuce, na Makka ya wuce, sai ga hula kuma. Zagaye na biyar Gwaggo Asabe ta ce, "Wai Alhajin ba zai yi magana ba ne?"

Mama ta ce a hankali, "Sani, sa mata a waya kawai."

"Minti ɗaya, Mama."

Wallahi wayar na aljihuna, girman kai ne ya hana ni. Ina ta danne-danne, ina zargin janareta. Ana haka motocin dangin ango suka iso, suna sauri su kai garin Lafiya kafin magariba. Mata suka miƙe, guɗa ta tashi, aka lulluɓe Hauwa aka fita da ita tana waiwayen bango.

Washegari na tura mata muryar. Sai da yamma ta amsa: "Na ji, Yaya, na gode. Na dai so in ji shi a gidanmu, ina jikin Mama." Na yi kuka sosai ranar.

Gyaran kalma ɗaya ne, cikin daƙiƙa biyar na yi shi, shafin na aiki har yau, babu mai kallo. Yanzu in Mama ta ce in yi abu a sauƙaƙe, ba na cewa minti ɗaya.