Farfesan Gosulo da Ƙofar Shanu

"Ni da na shekara bakwai ina fama da gosulon Legas, wannan ɗan cunkoson ƙauye ne zai gagare ni? Ku ba ni usur da ranar kasuwa ɗaya tak!"

Mai wannan cika-bakin shi ne Abdulnasir, wanda 'yan tashar garinmu, nan tsakanin Kiyako da Sara, suka laƙaba wa Farfesan Gosulo. Kai mai karatu, in ka ji Legas kada ka ɗauka wani aiki ya yi. Ruwan leda ya sayar a tsakanin motoci. Amma ya dawo da Turancin cunkoso cike da baki, ya hana kowa sakat.

"Ku abin da kuka sani kawai, hanya ta cushe," in ji shi. "Bature kuwa kashi-kashi ya yi wa abin. In motoci na jan ciki, gosulo. In sun tsaya cik, holdof. In hanya ta tsuke, botilnek. In ta kulle ta kusurwa huɗu, giridlok, shi kuwa ko a Legas sai manya."

Abin da yake hari shi ne aikin Baba Sabo, tsohon da ya shekara talatin yana raba hanya a bakin kasuwa da karan dawa. Farfesa ya yi ta zuba wa Alhaji Muslim, shugaban 'yan kasuwa, Turanci har ya gaji ya ce to, a gwada shi. In hanya ta tafi daidai aiki ya zama nasa, tsoho ya koma gida.

Ranar kasuwa, ana tsakiyar kakar riɗi, sai ga Farfesa da farar safar hannu da tabarau kamar na mai walda. Aikinsa na farko, ya gindaya akwalar motarsa a bakin lungun da ke bayan rumfar masu awo.

Baba Sabo ya ce, "Ɗana, nan fa ƙofar shanu ce. Ta nan amalanke ke zagayawa ta fita."

"Satar hanya ke nan, Baba. Je ka huta, ilimi ya zo."

Tsoho ya sayi rake ya koma gindin darbejiya.

Kafin hantsi motoci sun fara jan ciki. Farfesa ya duba kamar likita ya ce, "Gosulo ne, kada kowa ya damu." Can an jima komai ya tsaya, ya gyara tabarau ya ce an shiga holdof. Suna dai yake raɗawa, ko keke bai matsar ba.

Sai ga babbar mota daga Gwaram ta yi gaba da gaba da amalanken wani Hafiz, shaƙe da buhunan riɗi, bayanta wasu amalanke tara. Farfesa ya busa usur.

"Mai shanu, ribas!"

"Yallaɓai, sa da kaya ai ba ya ribas."

"Na ce ribas!"

"To gaya masa da Turanci, wataƙila ya ji."

Sarkin wauta kuwa sai ya kafa usur a kunnen sa ya hura iya ƙarfinsa. Sa ya zabura, ya yi fatali da ƙwaryar Mairama mai fura, sannan ya kwanta a tsakiyar titi abinsa yana tuƙa. Mairama ta cafke rigar Farfesa, direbobi suka dinga danna oda, awaki na kuka a bayan a-kori-kura. Gogan naka ya fizge, ya ɗare kan buhuna, ya dubi gabas ya dubi yamma. Wallahi sai murna ta kama shi.

"Jama'a, giridlok! Irin na Legas sak!"

Alhaji Muslim, wanda tun safe yake gasuwa a cikin motarsa, ya fito jiƙe da gumi ya nufi gindin darbejiya. "Baba, don girman Allah ka rufa mana asiri."

Baba Sabo ya tofar da ɓawon rake, ya nuna akwala da kara. "A ɗauke waccan."

Mota ta ƙi tashi, ba kuma wurin turawa. 'Yan dako takwas suka ɗage ta caɗak, suka dire ta a kan tsibin takin kasuwar shanu. Amalanke suka bi lungu ɗaya bayan ɗaya, kafin tsoho ya gama gaɓar rakensa hanya ta buɗe.

Ya karɓi usur daga wuyan Farfesa a hankali, ya ce, "Ɗana, mun ƙaru, sunaye huɗu ka koya mana. To shi wanda ya haddasa abin fa, me Bature ke ce masa?"

Farfesa ya hau goge tabarau.

Mairama na kakkaɓe zanenta ta ce, "Bature ya sha zamansa, Baba. Mu Abdulnasir muke ce masa."

Har yau in hanya ta cushe a garinmu, ba mai cewa gosulo. Direba kan leƙo ta taga ne ya ce, "Wane ne ya yi mana Abdulnasir a gaba?"