Raƙumin Briketeri

A gyara zama, a rage murya, masu tsire su dakata da fifita wuta. Ga Alhaji Ƙasimu Lado nan tafe. Tsohon dillalin goro, mataimakin mataimakin sakataren reshen jam'iyya, mai tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na kallon talakawa. Shi ne mutumin da ya taɓa shan hannu da direban minista, ya yi kwana uku ba ya miƙa wa kowa hannun sai dai ya ɗaga daga nesa. Amma duk wannan ƙaramin abu ne. A nan Yawunde, daga bakin kasuwar Mokolo har gangaren Tsinga, babu wanda bai san babban abin alfaharinsa ba: alwala ɗaya tak yake yi da asuba, ita za ta kai shi lisha.

Yaya yake yi? Ba ya shan ruwa. Shi ke nan sirrin. Samarin unguwar Briketeri, waɗanda ba su san darajar manya ba, suka sa masa suna Raƙumi. Da labarin ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya ce ai dabbar sarakuna ce.

Kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne kawai ya kawo wannan juriya. A ƙofar gidan mai unguwa benci uku ne da kujera mai hannu guda ɗaya, daf da ta mai unguwar. Dokar wurin kuwa tsohuwa ce: wanda ya tashi ya tashi. A ƙarshen benci Mamadu tela yake zama, mutum mai shan ruwa kamar gona, yana kewayawa sau goma a wuni, kuma duk dawowar da zai yi sai ya duba ko kujerar ta huta. A shekarar nan ta saba'in da huɗu muƙamin shef da bulok, wato mai kula da layinsu, ba kowa a kai. An ce ranar da sufirefe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, zai zo buɗe sabon famfon unguwa za a naɗa wani, a damƙa masa makullin famfon. To, mutumin da ke tashi kewayawa a gaban mai unguwa, ina shi ina makulli?

Don haka Alhaji ya zauna daram a kujerar nan mai hannu. Da hantsi Habu mai tsire ya aiko da ƙulli biyu, a ƙara gishiri, a ƙara yaji. Da azahar kilishi. Tsakaninsu goro, da baƙin kofi a wani ɗan finjali da ko kaza ba zai kashe wa ƙishi ba. Tafiya kuwa ya bar wa marasa muƙami. Daga gidansa zuwa masallacin Juma'a taku ɗari biyu ne, a tasi yake zuwa.

Wata Talata wani abu ya soke shi a kwiɓi, ya zagaya baya, ya gangaro mara. Matarsa Jaratu ta ja shi asibiti yana cewa iska ce. Likitan ya dube shi, ya duba ɗan fitsarin da aka samu da kyar, mai kalar shayin da aka manta a kan wuta.

"Alhaji, tsakuwa ce take taruwa a ƙodarka. Ruwa za ka sha, lita uku kullum, har sai fitsarin ya yi fari. Ka rage gishiri, ka rage nama. A matsa maka lemon tsami a ruwan. Kuma ka riƙa taka ƙasa da ƙafarka."

A hanyar gida, cikin tasi mana, Alhaji ya yanke hukunci. "Yaro ne. Jiya jiya ya gama karatu a lakwal. Lita uku? Ni randa ce? Mu da muka kawo goro daga kurmi tun ana tafiyar ƙasa, wani mai farar riga zai koya mana yadda ake riƙe ciki?"

 Jaratu ta sayi sabon tulu, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ya mai da shi wurin ɗora hula.

Malam Alim, limamin layin, shi ma ya gwada. "Alhaji, ba wanda ya ɗora maka wannan. Sabunta alwala ma lada ne. Jikin nan amana ne."

"Malam, kowa da matsayinsa," in ji Alhaji, yana shafa hannun kujera. "Akwai masu buta, akwai mu."

Ranar buɗe famfo ta zo. An share layi, an rataya tuta, mata sun sha anko. Sufirefe ya iso da hularsa mai igiyar zinariya, ya zauna yana duba agogo. Mai unguwa ya ba Alhaji jawabin maraba, wanda kowa ya san ma'anarsa. Alhaji kuwa tun jajibiri ko ɗigon ruwa bai kurɓa ba, don kada wani abu ya katse masa tarihi.

Ya miƙe cikin babbar riga mai aska takwas, ya canja tabarau. "Misye la sufirefe, manyan baƙi, 'yan uwana talakawa. Ba yabon kai ba, tun kafin a san famfo a ƙasar nan ni na fahimci muhimmancin ruwa. Dare da rana ina tunanin ruwa. In da za a tsaga ƙirjina..."

Ba ƙirjin aka tsaga ba. Kwiɓin ne. Alhaji ya dafe gefe ya rusuna. Jama'a suka ɗauka girmama hukuma yake yi, suka tafa. Ya durƙusa, tafi ya ƙaru, sufirefe har ya gyaɗa kai don jin daɗi. Sai da babban mutum ya kwanta a jar ƙasar Yawunde yana kiran sunan mahaifiyarsa, sannan masu tafi suka soma duban juna. Tasi ba ta shiga layin ranar, an tare hanya saboda biki. A amalanken da Habu ke ɗauko nama daga Mokolo aka fitar da shi, ƙafafu na lilo.

Mamadu tela ne ya ƙarasa jawabin. Ya ce an gode, Allah ya sa ruwan ya ɗore. Sufirefe ya murɗa famfo, ya cika kofi, ya miƙa masa. Mamadu ya shanye, ya nemi ƙari. Nan take aka rataya masa makulli a wuya.

Kwana huɗu Alhaji ya yi a asibiti ƙarƙashin mulkin wata nas mai jug a hannu wadda ba ta san muƙamin kowa ba. Ya sha, ya kewaya, ya sha, ya kewaya, har ya san hanyar da ido rufe. A rana ta huɗu, bayan wani gumi da ba a ba da labarinsa, tsakuwar ta fito. Ya sa aka wanke masa ita, ya shimfiɗa auduga a kwalin ashana, ya kwantar da ita.

Wani zai ce ai yanzu ya saduda. Wannan bai san Alhaji ba. Ranar da ya dawo gida, tsakar gida cike da masu sannu, ya jingina da matashi biyu, ya sa tabaran kallon talakawa, ya buɗe kwalin a hankali.

"Ku matso ku gani, amma kada a taɓa. Makulli kowane tela yana iya ratayawa. Wannan tsakuwar kuwa jikina ne ya ƙera ta, shekara da shekaru, ba taimakon gwamnati. Likitan da bakinsa ya ce tun da yake aiki bai ga mutumin da ya..." Ya hango matarsa tana zuwa da moɗa cike da ruwa da lemon tsami. "Jaratu, zo ki gaya musu. Kin taɓa ganin irinta?"

Jaratu ta sunkuya, ta leƙa kwalin, ta ɗago.

"Na tsince wadda ta fi ta a shinkafar jiya. Karɓi ka sha."