Akushin Kaka a Cikin Gilashi

"...da gajiyar hanya, Kaka?"

"Lafiya lau, ɓarawo. Yaya sana'a?"

Shamsuddeen yana durƙushe a ƙofar ƙaramin ɗakin adana kayan tarihi da yake kula da shi a Makarfi. Bayan la'asar za a buɗe nunin kayan girkin mutanen da, an kuma gayyaci masu unguwanni da 'yan makaranta. Abin da ya fi taƙama da shi shi ne wani baƙin akushi da ya ɗora a tsakiyar akwatin gilashi. Jiya ya ɗauko shi daga ɗakin kakarsa, Hajiya Saudatu, a Kudan, tana gidan suna. Ga ta yanzu tsaye a kansa da sandarta.

"Haba amarya," in ji shi, "miji ya ɗauki abu a ɗakin matarsa, sai a kira shi ɓarawo?"

"Miji? Mazan kirki cefane suke shigowa da shi. Nawa mijin kwanuka yake fita da su. Tashi ka ba ni akushina."

"Ai girmama shi muka yi. Dubi yadda yake sheƙi."

"Madalla. Shi yana sheƙi, ni ina azumin dole. Wato karatun da ubanka ya sayar da gona a kansa ke nan, tsare akushi kada ya gudu?"

"Tarihi ake kira, Kaka. Yaran yanzu ba su taɓa ganinsa ba."

"Su zo Kudan su gani, har loma zan ba su."

"Zan sayo miki kula sabuwa, mai riƙe zafi."

"Ka kai wa budurwarka, idan akwai wadda ta rasa mafaɗi."

"Kishi ne, na gane. To, ki kwantar da hankalinki, babu mai ƙwace miki ni. Da ma akwatin ya fi haka girma, da ke zan saka. Kin girmi duk abin da ke ɗakin nan."

"Saka ni mana. Aƙalla jama'a za su zo. Kai kuwa ko kyauta aka nuna ka, sai an haɗa da rake."

Ya yi dariya, amma idonsa yana kan akwatin. Idan akushin ya fita, babu abin da zai nuna wa baƙi sai ludayi biyu da tsohuwar tukunya mai tsaga.

"Kaka, don Allah. Na riga na gaya wa kowa."

Ta dafa gilashin, muryarta ta sauka.

"Kakanka bai taɓa cin tuwo a wani abu ba. Tun da ya rasu, ni ma haka. Jiya a roba aka zuba mini. Na dube shi, na rufe."

Shamsuddeen ya sa hannu a aljihu. Ya ciro makulli, ya buɗe akwatin, ya miƙa mata akushin da hannu biyu. Ta karɓa, ta shafa bakinsa, sannan ta leƙa gurbin da ya bari.

"To, yanzu me za ka nuna wa masu unguwannin? Ƙura?"

"Zan ce matata ta yi yaji da kayanta."

Dariya ta ƙwace mata har sandar ta faɗi.

"Ungo, mayar. Ba za a ce mijina ya tara mutane a kan fanko ba. Amma da rana kawai yake aikin gwamnati. Kullum kafin magariba ka hau mashin ka kawo mini shi Kudan, da safe ka zo ka ɗauka."

"Kullum, Kaka? Har a rufe nunin?"

"Kullum. Kuma ba a ɗaukar min akushi ba a wanke ba. Ka taho da soso."