Yadda Ake Halartar Taron Intanet Daga Bakin Rijiya

Ɗan'uwa malamin gona, bi matakan nan, ni na tsaya maka: sunanka zai zauna a taro tun daga sallama har addu'ar tashi, kai kuwa kana can kana harkar gabanka. Malam Bawa na Burkusuma ya gwada su a shekarun farin nan, kuma ga shi nan da ransa da lafiyarsa.

Mataki na 1: San wanda kake gudu

Ƙungiyar da ke raba irin gero mai saurin nuna ta ce duk garin da malamin gonarsa ba ya zuwa taron Talata, babu iri. Kada shugaban taro ya dame ka, shi kansa gyangyaɗi yake yi. Abin tsoro Malama Kadijatu ce ta ofishin Sakkwato. Ita ce ke rubuta wa kwamfuta ɗan umarni, ta danna, sai kwamfutar ta zazzage mata wanda ya shiga, da lokacin da ya sulale, da wanda bai ce uffan ba. Wannan na'ura ba ta cin goro, ba ta san kawun kowa ba. Bawa ya tsorata ƙwarai, domin yunwa ta sa mutanen gari sun cinye irinsu, ido duka a kansa yake.

Mataki na 2: Samo uzuri mai ƙarfi

In kana da mata irin Kande, matar Bawa, ba sai ka nema ba. Rijiyoyin gari sun ƙafe, saura ɗaya can bayan fadama, layinta kuwa sai mai babur ke riga mutane.

"Malam," in ji ta, "taron ga shi ka cika randa? Ko ka tahi rijiya, ko ka sha intanet ɗin."

Mataki na 3: Rataye wayar a inda ya dace

Burkusuma sabis ɗaya ne, yana kan gawon da ke bisa tudu. In ka sauka gangare, wayarka ta kama layin Nijar, kwamfuta ta shaida cewa ka bar ƙasa babu izini. Don haka shiga taron, ka rufe kyamara, ka ɗora laifin a kan sabis. Sa wayar cikin leda, ka rataya a reshe, ka ɗaure jarkoki a babur. Masana sun tabbatar cewa itace ya fi ma'aikaci haƙurin zaman taro.

Mataki na 4: Kashe makirufo

Na ce ka kashe makirufo! Nan Bawa ya yi sake.

Bayan tafiyarsa sai ga Inno, wata tsohuwar Bafulatana, ta zo tsintar 'ya'yan gawo don awakinta. Daidai nan shugaba ya kai kan Burkusuma, ya yi sallama. To, a ƙasar Gobir ba a barin sallama ta faɗi ƙasa, ko da daga itace ta fito.

"Wa alaikumus salam," in ji Inno, tana ɗaga kai. "Wa an nan bisa?"

Shugaba ya ce rahoton yanki yake jira.

"Kai ɗan nan, ba ka gaisuwa? Ina kwana? Ina gida? Uwarka lahiya?"

Ta bi mahalarta ɗaya bayan ɗaya, malamin gonar garin Isa da na Bafarawa, kowa sai da ya faɗi lafiyar iyalinsa. Sannan ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ba su labarin shanun da suka kwanta suka kasa tashi, da shukar da ta bushe tun tana tsiro. Da ta zo kan saniyarta, muryarta ta karye. Har shugaba sai da ya wartsake.

Mataki na 5: Karɓi yabo da sunkuyar da kai

Washegari kwamfuta ta fitar da sakamako: duk yankin babu wanda ya kai Malam Bawa magana. Kadijatu ta kira shi.

"Malam, na saurari taron jiya. Mura kake yi? Muryarka ta canza."

Bawa ya fara kame-kame. "Ranki ya daɗe, za ni yi bayani..."

"Bar shi. Iri na nan tafe. Sharaɗi ɗaya ne: wannan muryar muke so kowace Talata."

Mataki na 6: Ci moriyar dabararka

Iri ya iso, gari ya yi ta sa wa Bawa albarka. Sai dai Inno ta ce wuyanta ba ya jure kallon reshe, kuma ita ba ta taɓa abin da ke magana babu baki. Yanzu kowace Talata Bawa kan yi sammakon rijiya, ya dawo ya tsaya ƙarƙashin gawo, hannu a sama don kada sabis ya gudu, kyamara a buɗe.

"Ɗaga shi da kyau," in ji Inno, "ban gaida na Isa ba."

Hattara

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko ciwon kafaɗa ne ko hararar uwargida. Alkawarin da na yi shi ne sunanka zai zauna taro har a tashi. Na Bawa yana zaune, shi ne dai yake tsaye.